Manomin da Ya Sayar da Shanun Huɗarsa Ya Sayi Mota

Akwai wani mutum manomi, yana zaune a wani ƙauye da ke hayin rafi. Yana da shanun huɗa guda biyu, ɗaya ja, ɗaya fari. Tun suna maruƙa ya saye su. Da kuɗinsa suka kasa, matarsa ta sayar da awakinta ta cika masa. Shi ya koya musu karkiya, ita kuwa take ba su dusa da kanwa. Da damina sukan huɗe gonarsa cikin kwana uku, sa'an nan su huɗe na maƙwabta a biya shi. Da rani sukan ja amalanke, su ɗauko yashi da itace da hatsi. Gidan nan bai san yunwa ba.

Sai ya zama a wata Kirsimeti, wani sa'ansa da ya daɗe a birni ya zo gida da mota. Ya tsayar da ita a ƙofar majami'a, mutane suka kewaye ta suna kallo. Da aka shiga sujada, wani dattijon ikilisiya ya zo wurin manomin a bencin gaba, ya ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, ɗan koma baya, mu ba baƙo wuri."

Ya tashi ya koma baya. Yashin da aka gina majami'ar da shi kuwa, shanunsa ne suka ɗauko shi kyauta. A ranar bai ji wa'azi ba, bai kuma buɗe baki ya yi waƙa ba. Ya ce a ransa, "Ashe mai bin bayan shanu ba kowa ba ne. Ni ma sai na shigo garin nan da mota."

Da ya faɗa wa matarsa zai sayar da shanun, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta ce, "Maigida, motar za ta yi mana huɗa ne?"

Ya ce, "Za ta yi jigilar mutane zuwa kasuwa. Kafin ruwa ya sauka na mayar da shanu, har waɗanda suka fi waɗannan."

Ta ce, "Kai da ba ka iya tuƙi ba? Kada ka manta, da awakina a cikin shanun nan."

Ya ce, "Na gama magana."

Ran kasuwa ya kora shanun, ya sayar wa wani mai gonaki da yawa a ƙauyen gaba. Washegari ya tafi birni shi kaɗai. Bai ɗauki wanda ya san mota ba, don ba ya so kowa ya hana shi. Wani dillali ya tarye shi, yana ce masa yallaɓai, ya nuna masa wata mota shuɗiya tana ƙyalli, ya ce ta wata tsohuwa ce, ba ta fita da ita sai ran Lahadi. Manomin ya shafa jikinta, ya ga fuskarsa a ciki. Bai ce a buɗe masa inji ba. Ya biya, ya ɗauki direba, suka kamo hanyar gida.

Lahadi uku ya zo sujada a mota, mutane suna kewaye ta, ana yi masa barka. A Lahadi ta huɗu, suna cikin hawan gangaren rafi, motar ta yi wata ƙara, ta tuɗo baƙin hayaƙi, ta tsaya. Jama'ar da suka yi masa barka su ne suka turo ta har ƙofar gidansa.

Aka kira makanike. Ya buɗe, ya duba, ya goge hannunsa, ya ce, "Baba, fenti ka saya. Injin nan ya daɗe da mutuwa, lallaɓa shi aka yi."

Manomin ya koma birni wurin dillalin. Dillalin bai ce masa yallaɓai ba a wannan karo. Ya ce, "Da idonka ka gani, da hannunka ka biya."

Da a nan ya tsaya, da asarar ta zo da sauƙi. Amma kunya ta hana shi. Ya buɗe rumbu ya sayar da dawa, aka yi gyara, motar ta yi mako biyu ta sāke tsayawa. Ya sāke buɗe rumbu. Direban ya ga babu albashi, ya kama gabansa. Daga ƙarshe motar ta zauna a gindin ɗorawa, tayoyinta suka sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Sa'an nan ruwa ya sauka.

Kowa ya fita huɗa, gonarsa kuwa tana kwance. Ya haɗiye girman kansa, ya tafi ƙauyen gaba wurin mutumin da ya sayi shanun, don ya yi hayarsu. Ya tarar da farin a karkiya tare da wani baƙon sa. Da farin ya ji muryarsa, ya juyo yana miƙo kai.

Manomin ya ce, "Ina jan?"

Mutumin ya ce, "Mahauta sun yi masa kuɗi mai kyau, na ba su. Batun huɗa kuma, gona goma sha ɗaya ke gabanka. Ka jira layinka."

Ya juya ya tafi, bai iya waiwayen farin san ba. Shi da matarsa suka ɗauki garmar hannu. Suka yi ta fama har bayanta ya riƙe, ba su gama ko sulusin gonar ba lokacin shuka ya wuce. Da kaka abin da suka girbe bai rufe ƙasan rumbu ba. Masu sayen tsoffin ƙarafa suka zo suka farfasa motar, suka auna ta a sikeli, abin da suka ba shi ya sayi masara buhu uku. Aka cire babbar 'yarsu daga makaranta. Matarsa ta shiga ƙwadago a gonakin da dā shanunsu suke huɗawa.

Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Wata rana ta ajiye masa tuwo, ta ce, "Ci, Maigida. Na gobe ban san inda zai fito ba." Ya dubi tuwon, ya kasa ci.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: shanun nan su ne abin da Ubangiji ya sa a hannunka domin ka ci, ka ciyar da gidanka. Wani gona ce, wani keken ɗinki, wani ɗan jarin da yake juyawa a kasuwa. Ba su da ƙyalli, ba mai kewaye su yana kallo, amma su ne suke riƙe da kai. Motar kuwa ita ce duk abin da mutum yake saya ba don yana bukatarsa ba, sai don a gan shi. Mutumin nan ba mota yake nema ba. An ƙona masa rai ne, maimakon ya kai ɓacin ransa gaban Allah, sai ya kai shi kasuwa. A kasuwa kuwa akwai masu jiran irinsa kullum.

Ku lura, sau biyu ya yi kuskure. Na fari da ya saya, na biyu da ya ƙi yarda ya yi kuskure, har ya zuba abincin 'ya'yansa a cikin mataccen inji. Ku lura kuma, ba shi kaɗai ya biya ba. Matar da ya ƙi jin maganarta ta biya da bayanta, yarinyar da ba a tambaye ta ba ta biya da karatunta.

Mu ma shugabannin ikilisiya muna da namu laifi. Duk ranar da muka tashi mai aminci don mu zaunar da mai kuɗi, mun koya wa jama'a cewa daraja saye ake yi.

Kaka ta kusa, kuɗi za su shigo hannunku. Kafin ka miƙa su, ka tambayi kanka a gaban Allah: ina bukatar abin nan, ko kuwa akwai wanda nake so ya gani? Ka tambayi waɗanda za su sha wahalar tare da kai. Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafarta wa duk wanda ya tuba. Manomin nan ma ya tuba, an kuwa gafarta masa. Amma damina ba ta dawo ba, iyalinsa kuma sun sha yunwar shekarar nan har ƙarshenta.