Mwalimun da Bai Taɓa Cewa "Bai Isa Ba"

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Mombasa, ba zan kama suna ba, 'yan uwansa suna sallah tare da mu. Allah ya ba shi kan lissafi, ana ce masa Mwalimu, wato malami. Yana koyar da ma'aikata masu shirin jarrabawar shiga karatun kasuwanci a ƙasar waje, ajinsa ba masaka tsinke. Ana shan shayi da mahamri, wato fanken mutanen nan, ana dariya, aljabara tana shiga kamar ruwa.

A jarrabawar akwai wata irin tambaya. Ba a ce ka kawo amsa ba. Bayani biyu ake ba ka, ka faɗi ko ya isa a gano amsar ko bai isa ba. Mutuminmu kuwa girman kai ya hana bakinsa furta "bai isa ba". Ya ce wannan amsar raggwaye ce.

Wata rana aka tambayi kaso nawa na fasinjojin jirgin fiton Likoni ne mata. Bayani na farko ya ce maza sun ninka mata. Mwanaidi, wata ma'aikaciyar asibiti da ke ajin, ta kira matan x, mazan x biyu, x ya cinye x, sulusi ya fito. Aji ya ɗauki tafi. Bayani na biyu ya ce maza sun fi mata da mutum ashirin. Ta juya, ta juya, x ya ƙi tafiya.

Ta ce, "Mwalimu, wannan kam bai isa ba."

Ya ce, "Ke dai kanki ne bai isa ba, 'yar uwa. Ɗauka mutum ɗari ne a jirgin, ki wuce."

To wa ya gaya masa ɗari ne? Shi ya ƙirga su? Zato ne kawai ya sa wa rigar ilimi. Bai tsaya nan ba, ya yi rantsuwa zai zauna jarrabawar tare da su, kuma duk wanda ya fi shi maki, zai bar masa ajin.

Sakamako ya fito. Mwanaidi ta haye, waɗanda suka bi ta suka haye, aka dafa shinkafar pilau har maƙwabta suka ci suka yi guzuri. Ni ma na ci, kuma na ji daɗi ƙwarai. Mwalimu kuwa duk inda bayani ya gaza ya cike da ɗarinsa, makinsa ya zo ƙasa da na ɗalibansa. Da ya zo cika alkawari, ya tarar babu ajin da zai bayar, kowa ya riga ya koma wajenta. Yau a ɗakin da yake koyarwa, gurasar chapati ake soyawa.

Ku yi dariya, amma ku duba kanku. Sau nawa ka ji rabin labarin maƙwabcinka ka cike sauran da ɗarinka? Faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage wa kowa daraja ba.

Allah ya kiyaye mu da girman kai da zato, ya sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin "bai isa ba". Amin.