Ranar da Ƙafafun Gaba Suka Ƙi Juyawa

Akwai wani dillalin hatsi a Anka mai suna Namadi. Allah ya yi masa buɗi har ya sayi mota a-kori-kura, irin mai fowil. Ga waɗanda ba su san harkar mota ba, fowil wata 'yar giya ce a gefen babbar giya. In aka sa ta, ƙafafu huɗu duka ne ke jan mota, maimakon biyun baya kaɗai. An yi ta ne domin taɓo da rairayi da hawa mai santsi.

Shi kuwa Namadi ya ɗauka an yi ta ne domin mutanen gari su san ya iso.

Tun ranar da aka nuna masa yadda ake sa ta, bai ƙara fitar da ita ba. Kwalta busasshiya daga Anka har Gummi, a fowil yake tafiya. In zai sha kwana sai sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa gurzar ƙasa, motar tana tirjewa. Sai ya yi murmushi ya gyara hula, ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Namadi yana da taubashi, Lirwanu, ɗan kawunsa. Shi ma direba ne, yana da wata tsohuwar mota da yake kai buhuna kasuwanni. Kun dai san tsakanin taubasai. Tun suna yara ba su taɓa yin magana madaidaiciya ba, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Lirwanu kuwa baki ne da shi, ko gaisuwa zai yi sai ya sa mata barkono.

Wata safiya a teburin mai shayi, Namadi ya faka motarsa da ƙugin nan nata. Lirwanu ya aje kofi ya ce, "Kai baƙauye, wa yab ba ka mota? Hidda ta daga fowil, kwalta ba taɓo ba ta."

Namadi ya ce, "Hassada ka kashe ka. Taka ko ƙahwa biyun ba su cika ba."

Lirwanu ya ce, "Saurara in ba ka karatu kyauta. In kana shan kwana, ƙahwar gaba da ta baya ba gudu ɗai su kai ba. Kai ko ka ɗaure su wuri guda. Cikin taɓo ƙasa na bari taya ta zame, a zauna lahiya. Bisa kwalta babu zamewa, ƙarhen ciki ka shan wahala. Wata rana za shi gaji da kai, kamar yadda ni nig gaji."

Majalisa ta kwashe da dariya. Namadi ma ya yi dariya, ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Da wani bakanike ne ya faɗi maganar nan, wataƙila da ya tsaya ya yi tunani. Amma daga bakin taubashi ta fito, kuma a kunnen Namadi duk abin da ya fito daga bakin Lirwanu wasa ne.

Ana nan sai damina ta yi nisa. Wata rana da hantsi aka kira waya daga ƙauyensu da ke gaba da Adabka. Sahura ce, ƙanwar Lirwanu. Ta ce jikin mahaifinsu, Kawu Rabe, ya tsananta, kuma tun asuba ba sunan da yake kira sai na ƙanwarsa Asabe.

Asabe ita ce mahaifiyar Namadi. Kawu Rabe ne ya raine ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, kuma a ɗakinsu su biyu kaɗai suka rage. Tana jin saƙon ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta fito ƙofar gida, ko takalmi sai da aka biyo ta da shi.

Sahura ta ce wa Namadi an yi ruwa mai yawa, fadamar da ke kan hanya ta jiƙe sharkaf. Za su turo babura biyu su jira a bakin fadamar.

Namadi ya ce, "Kada ku wahal da kowa. Ki hwaɗa ma Kawu shi kwantar da hankalinai. Motata ba ta maƙalewa. Har ƙohwar zaure zan kawo mashi Inna."

Suka kama hanya da mota biyu. Inna tana gaban motar Namadi, Lirwanu yana biye da tasa. Ba su yi nisa ba tsohuwar motar Lirwanu ta yi tari ta mutu a gefen titi. Ya buɗe gabanta ya duba, ya ga ba aikin nan take ba ne.

Ya ce, "Mu bar ta nan wurin mai shagon ga, in shiga taka. Lokaci na tahiya."

Amma Namadi ya riga ya hango wani abu. Ranar kasuwa ce a garin da ke gabansu. Ya ga kansa yana ratsa tsakiyar jama'a, motar taubashinsa ɗaure da igiya a bayansa kamar akuya. Labarin da za a shekara ana bayarwa a teburin shayi ke nan.

Ya ce, "A'a, ba mu barin dukiyakka bisa hanya. Akwai bakanike mararraba, in ja ka har can."

Suka ɗaura igiya. Lirwanu ya leƙo ta taga, kuma a karon nan babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Namadi, in za ka ja ni, hidda fowil. Kwalta busassa ta, ƙahwa biyu sun isa. Ajiye ta sai mun kai taɓo, can mu ka buƙatatta."

Namadi ya ce, "Mai jan ka shi ka ba da umurni."

Maimakon ya fitar, sai ya tura 'yar giyar har ƙarshe, wurin da aka tanada domin fita daga rami a hankali. Ya taka totur. Mota ta ɗauki ruri kamar za ta fashe, tafiyar kuwa ba ta fi ta keke ba. Inna ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba mu ƙara sauri?" Ya ce nauyi ne a baya.

Suka ratsa kasuwa. Mutane suka yi ta kallo, wasu suna ɗaga hannu, wasu suna yi wa Lirwanu tsiya. Namadi ya samu abin da yake so. Da suka zo kwanar mararraba, inda ake barin kwalta, ya murɗa sitiyari da ƙarfi yana kan totur. Motar ta tirje, ta yi tsalle, sai ya ji ƙas! a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ya ji ƙarar sarai. Ya kuma ji yadda sitiyarin da ya saba yi masa tauri ya saki nan take. Amma motar ta ci gaba da tafiya, don ƙafafun baya suna nan suna ja.

Da suka kwance igiya a gaban bakanike, Lirwanu ya ce, "Mi na ji ɗazu?"

Namadi ya ce, "Dutse na."

Jama'a, a nan ne Namadi ya yi kuskuren da ya fi na farko. Na farko rashin sani ne da girman kai. Wannan kuwa ya sani. Bakanike yana tsaye a gabansa, amma ya kasa buɗe baki ya ce a duba, don kada Lirwanu ya ce ai ya faɗa.

A mararrabar akwai 'yan kabu-kabu suna jiran fasinja. Lirwanu ya ce, "Gwaggo ta hau babur ta yi gaba, su sun san inda su ka ratsewa. Mu mu biyo ta."

Inna har ta kama murfin mota za ta sauko. Namadi ya ce, "Uwata bisa babur, ina da wagga mota? Inna zauna, yanzu mu isa." Ta dube shi, ta mayar da ƙafarta ciki.

Suka bi hanyar ƙasa su uku. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ba kowa sai su. Da suka iso fadama, Namadi ya yi addu'a a zuciyarsa, ya shiga. Suka ɗan taɓa tafiya, sai mota ta tsaya cak a tsakiya. Ya taka totur. Laka ta yi ta feshi ta baya, motar tana ƙara nutsewa.

Lirwanu ya sauka ya zagaya gaba. Ya ce, "Taka in gani."

Namadi ya taka. Ƙafafun baya suna ta wulwulawa. Na gaba kuwa suna tsaye cikin laka, ko motsi ba su yi.

Lirwanu ya daɗe yana kallon tayar nan. Sannan ya ɗago ya kalli Namadi ta gilashi. Namadi ya jira zagi, ya jira tsiya, ya jira ko da "ban hwaɗa maka ba?" Babu ko ɗaya. Lirwanu ya tuɓe rigarsa kawai, ya durƙusa ya fara kwasar laka da hannu.

Suka haƙa, suka sari rassa suka cusa, suka tura har ƙarfinsu ya ƙare. Waya babu sabis. Baburan da Sahura ta so ta turo, da suna nan a bakin fadamar, Namadi ne da bakinsa ya ce kada su zo. Rana ta karkata, kuma a hanyar nan ba mai son magariba ta riske shi.

Sai suka ji an buɗe murfin mota. Inna ce. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare zaninta, ta sa ƙafa cikin laka. Tsohuwar da ko masallacin unguwa ba ta iya zuwa sai ta huta a hanya saboda ciwon gwiwa.

Namadi ya ce, "Inna, ki dakata, yanzu ta hita."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na dakata tun hantsi."

Suka bar motar a nan. Lirwanu ya riƙe ta ta dama, Namadi ta hagu. Inda ta kasa, suka goya ta bi da bi. Duk tsawon tafiyar Inna tana ta salati a hankali. Namadi yana jin numfashinta a bayan wuyansa, yana jin da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Suna hango rumbunan farko na ƙauyen, suka jiyo kukan mata.

Inna ta ce, "Sauke ni." Ta tsaya da ƙafafunta, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Rabe bai daɗe da cikawa ba. Ko tabarmar da ya kwanta a kai ba a naɗe ba.

Tabarmar kuwa a zaure take, ba a ɗakinsa ba. Bayan an dawo daga maƙabarta, Sahura ta gaya wa Inna dalili, Namadi yana durƙushe a gefe yana ji. Ta ce tun da aka ba Baba saƙon, ya sa aka fito da shi zaure, fuskarsa tana kallon hanya. Da azahar ta wuce, samarin gida suka ce za su bi sawu da babura. Ya hana su. Ya ce, "Ku bari. Namadi ya ce motatai ba ta maƙalewa. Yanzu ku ji ƙugi nata." Duk ƙarar da ya ji sai ya ɗaga kai ya ce, "Asabe ta?"

Inna ta share hawaye da bakin mayafi. Lakar ƙafafunta ta bushe ta tsattsage, ba ta ko wanke ba. Ba ta yi wa ɗanta faɗa ba. Ta ce ajali ne, Allah ya jiƙan Yaya.

A zaman makoki dattawa suka tambayi abin da ya tsayar da su. Namadi ya sunkuyar da kai. Lirwanu, wanda shi ma bai samu ganawa da mahaifinsa ba, ya riga shi amsawa. Ya ce, "Hanya ta ɓaci." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar ko bayanta.

An gyara motar. Bakanike ya ce ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba ne ya karye, kuma ya daɗe yana cin wuya kafin ranar. Yanzu Namadi ba ya taɓa 'yar giyar nan sai ya ga taɓo a gabansa.

Da suka koma Anka, ya je teburin mai shayi ya tarar da Lirwanu. Ya zauna kusa da shi, yana fatan ya ji an ce masa baƙauye, yana fatan a yi masa tsiyar da za ta sa majalisa dariya. Lirwanu ya miƙa masa hannu biyu cikin ladabi, kamar yadda ake gaida baƙo.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji Namadi. An tashi lahiya?"

Namadi ya buɗe baki zai amsa, hawaye suka riga shi.

Darasi: Ƙarfin da ka ɓarnatar don a gan ka, ba za ka same shi ba ranar da kake buƙatarsa da gaske. Direbobinmu, fowil ta taɓo ce da rairayi da santsi, ba ta busasshiyar kwalta ba, ko da kuwa wata motar kuke ja. Kuma kada ku yar da gaskiya don ta fito daga bakin abokin wasa, kada kunyar cewa "na yi kuskure" ta jawo muku kunyar da ba ta wankuwa. Ku tura wa duk wani mai riƙe sitiyari da kuka sani, wataƙila wani ya isa inda ake jiransa a kan lokaci.