Ɗamarar da Sufyanu Ya Ɓoye Cikin Riga

Ina da jika, sunansa Sufyanu. Ni na goya shi bayan rasuwar uwarsa, don haka ba mai gaya mini halinsa. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla. Aibinsa guda ne, kuma shi ya kai shi ƙasa: ba ya son a yi masa dariya. Gara a sare shi da gatari da ya hango abokansa suna nuna shi da baki.

Mu mutanen Galadi ne. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, sai ya kwaso mu, ni da matarsa Khadija, muka dawo Ƙaura. Ya buɗe shagon buga takardu da kwamfuta kusa da makarantar manyan ɗalibai. Da wannan shago muke ci, da shi muke biyan haya. Gona ta zama ta daji, gadon bayan Sufyanu shi ne gonarmu.

Abin zamansa benci ne na katako, irin na mai shayi, ba majingini. Tun hantsi yake duƙufa a kan kwamfutar nan kamar mai tsince tsakuwa a gero, ba ya tashi sai kiran salla. Ana nan sai na lura in zai miƙe daga tabarma sai ya dafa kwankwaso, ya cije baki.

Na ce, "Angona, mi ya same ka? Ka riga ni tsufa? To ni ba ni zama da miji mai dafa ƙugu."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai tsohuwa, ki ji da haƙoranki. Gajiya ce."

A gidan da muke haya akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Mwuese, mutuniyar Binuwai. Ta daɗe a Ƙaura, Hausa a bakinta kamar jakar Zurmi. Ni na kira ta. Ta sa shi ya zauna, ta danna nan, ta danna can, ya zabura.

Ta ce, "Malam Sufyanu, zama ne ke cin bayanka. Ka nemi kujera mai majingini. Ka sa ɗan matashi a nan, daidai kwarin nan na saman ƙugu. Ba ƙato ba, ba mai laushi tuɓus ba, wanda zai cike gurbin kawai. Ƙafafunka su taka ƙasa. Ka ɗaga kwamfutar ta zo daidai idonka, kuma ka riƙa tashi kana 'yar zagayawa. In ka ji ciwon ya gangara ƙafa, ko ƙafar ta soma mutuwa, kada ka tsaya gaya mini, asibiti za ka."

Khadija ta ji daɗi. Ta ɗauko ragowar atamfarta mai jan fure, ta sayo audugar rimi, ta ɗinka masa ɗan matashi dogo kamar tabarya, daidai yadda Sista ta auna. Ya ari kujera a wurin mai gidan hayar. Ya tafi da su shago, ya dawo yana cewa rabonsa da jin daɗin zama haka har ya manta.

Sai ga Maccido, mai cajin waya a maƙwabcin shago, abokin wasansa tun suna yara. Ya leƙo, ɗalibai cike da shagon, ya hango jan furen nan a bayan Sufyanu.

"Ikon Allah! Yaushe anka haihu ba mu ji guɗa ba? Mai jego, ina kwanan ɗiya? Kai, wani ya ruga gida ya ce a damo mata kunun kanwa!"

Shago ya ɗauki dariya, har da 'yan mata. Sufyanu ma ya yi 'yar dariyar yaƙe. Da la'asar ya dawo da matashin cikin baƙar leda, ya jefa kan gado. Kujerar ma ya mayar wa mai ita, wai ta cinye masa wuri.

Na ce, "Wanga abu mi ya yi maka?"

Ya ce, "Kaka, ni ba mace ba ne."

Ranar kasuwa ya gamu da wani mai talla da lasifika a kan mota. Yana sayar da wani baƙin bel mai faɗi, mai ƙarafa a ciki, irin wanda 'yan kabu-kabu masu doguwar hanya ke ɗaurawa. Wai yana maganin kwankwaso, da sanyin ƙashi, da abin da ya fi haka. Ya haɗa masa da wasu ƙwayoyi marasa kwali. Sufyanu bai tambayi kowa ba. Abu biyu suka ja shi. Na farko, bel ɗin yana shiga cikin riga, ba mai gani. Na biyu kuwa, a wurinmu ɗaure ƙugu aikin maza ne. Manomi na yin ɗamara, ɗan kokawa na yi, ɗan dambe na yi. Ba a taɓa yi wa mai ɗamara dariya ba.

Ya koma kan bencinsa. Ya ɗaure ƙugu tamau har numfashi na yi masa wuya, ya haɗiyi ƙwaya, ciwo ya yi shiru. Da ciwo ya yi shiru sai ya ƙara zama. Lokacin kuwa ɗalibai na gama karatu, kowa na son a buga masa littafin bincikensa, aiki ya yi masa yawa. Abinci ma a gaban kwamfutar yake ci.

Sista ta gane ne ranar da ta ga bel ɗin a kan igiyar shanya, Khadija kuma ta nuna mata ƙwayoyin. Ta tare shi a zaure.

"Wannan ba abin zama ba ne. Likita na ba da irinsa, amma na ɗan lokaci, bayan ya duba mutum. Kai ka ɗaure ciwo ne ka zauna a kansa. Ƙwayoyin nan kuma wa ya rubuta maka?"

Ya ce, "Sista, na gode, amma na warke."

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Mama, ki yi masa magana."

Na yi. Na yi da lallashi, na yi da faɗa, har na ce masa ko jaki in kaya ya ci masa baya ana sa masa akumari, ba a ɗaure shi da igiya a ce ya warke. Ya ce in bar shi, ya san jikinsa. Ashe a lokacin ciwon ya riga ya gangara cinyarsa ta hagu, yatsun ƙafar kamar kiyashi na yawo a ciki. Bai gaya wa kowa ba.

Ran nan hadari ya taso da rana tsaka, janaretansa na waje. Ya fito zai shigar da shi. Maccido ya taso da gudu, da zuciya ɗaya, ya kama gefe guda. Amma bakinsa bai iya zama haka nan ba.

"Bari in kama miki, mai jego, kada ɗinki ya warware."

Sufyanu ya ture hannunsa. Ya bugi bel ɗin ta cikin riga ya ce, "Matsa ka ga aikin maza." Ya duƙa ya sungumi injin nan shi kaɗai. Waɗanda ke wurin sun ce bai yi taku biyu ba ya saki ƙara, ya zube cikin ruwa. A keke mai ƙafa uku aka kawo mana shi.

Ko a nan da ya yarda an wuce asibiti, da wataƙila labarin ya sauya. Ya ce targaɗe ne, a kira wanzami. Aka yi masa ƙaho a kwankwaso, aka shafa man zafi. Sista kuwa ta tafi ganin gida, ba ta nan. Abin da ban sani ba, fitsari ya soma ƙwace masa, wani lokacin kuma ya ƙi fita, mazaunansa duk sun mutu ba ya jin su. Ya sa Khadija ta rantse ba za ta faɗa ba. Yarinyar nan ta yi ta wanke zannuwan gado a ɓoye tana shanyawa cikin ɗaki, har ranar da ta kasa, ta faɗo jikina tana kuka.

A ranar ce Sista ta dawo. Ban taɓa ganin ta ɗaga murya ba sai a lokacin. Ita ta nemo mota, aka kai shi Gusau, daga can aka tura mu Sakkwato. Aka ɗauki hoton bayansa. Likita ya ce wani guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fita daga wurinsa ya danne jijiyoyi. Ya ce irin wannan ba a kwana da shi a gida. Aka yi aiki. Da muka tambaya ko ƙafar za ta dawo, sai ya ce mu yi ta addu'a, jijiyar ta daɗe a danne.

Ƙafar ba ta dawo ba. Yanzu Sufyanu da sanda yake tafiya, yana jan ta hagu, takalmi na zame masa bai sani ba. Ba ya iya dogon zama, ba ya iya ruku'u. Kwamfuta da janareta duk sun tafi wurin magani, shagon kuwa yanzu wani mai sayar da takalma ke ciki. Khadija ke soya awara a ƙofar gida muna ci. Maccido ya zo dubiya, ya zauna bakin ƙofa kansa a ƙasa, yana ta yi masa sannu. Su waɗancan ɗaliban da suka yi dariya sun gama karatunsu sun watse, ba wanda ya san inda suke. Ni da nake jiran yaron nan ya ɗauki makarata, yau ni ke riƙe masa buta yana alwala.

To, 'ya'yana da jikokina masu aikin zama, a ofis ne ko a shago, ku ji daga bakin tsohuwa. In za ku zaɓi abin da zai tallafi bayanku, ku zaɓi wanda ya dace da jikinku, wanda masana lafiya suka nuna muku, ba wanda zai ɓoyu daga idon mutane ba. Abin da ya kashe zafin ciwo ba lallai ya kashe ciwon ba. In jiki ya yi magana a saurare shi, in abin ya taɓa ƙafa ko fitsari a ajiye kunya a nufi asibiti. Dariyar mutane ta yini guda ce, da yamma kowa ya tafi gidansu. Baya kuwa guda ɗaya Allah Ya ba ka, kuma kai kaɗai za ka kwana da shi.