Ranar da Injin Royce Ya Tarwatse

Royce Tillman direban tseren mota ne a garinmu, a Carolina ta Arewa. Gwani ne, sai dai ba ya iya haƙurin zuwa na biyu. A rukunin da yake shiga, kowa inji iri ɗaya yake saye. Cikin akwati kamfani ke aiko shi, an buga wa kusoshinsa hatimi, kuma doka ta hana a buɗe. Iya tuƙi kaɗai ke fitar da zakara.

Sau uku a jere Verna Pickens, dattijuwa mai shekara sittin, tana kayar da shi. Takan leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, barci kake yi a bakin layi?" Mutane su kwashe da dariya.

Ran nan yayansa Dell, wanda ke gyara masa mota, ya iske shi a gareji. Ashe Royce ya ɓalle hatimin, ya sauya kayan cikin injin, yana liƙa hatimin jabu.

"Kai, ka haukace ne? Injin nan ba zai ɗauki wannan ƙarfin ba!"

"Tseren daƙiƙa goma ne fa, Yaya. Zai jure."

"To, babu hannuna a ciki."

Ranar Asabar da rana tsaka aka jera shi da Verna. Fitilar tashi na yin kore ya fizga, ya bar ta a baya. Yana isa layin ƙarshe sai muka ji ƙara kamar aradu. Injin ya tarwatse, baƙin mai ya malale har cikin layin Verna. Motarta ta hau man, ta juya, ta daki katanga, ta kife.

Royce ya fito da rarrafe yana tari. Motar Verna kuwa shiru. 'Yan kwana-kwana suka hau yanka ƙarfe, mijinta Hollis yana ta kiran sunanta, babu amsa. Royce ya juya wurin Dell.

"Yaya, ta motsa? Don Allah duba min, ta motsa?"

Dell ko kallonsa bai yi ba.

Sai bayan minti ashirin aka zaro ta, da sauran numfashi, amma ƙashin bayanta ya karye. Alƙalan tsere suka tattara tarkacen injin, suka gano ha'incin, aka haramta wa Royce tsere har abada.

Bayan mako biyu ya je asibiti, ya toge a bakin ƙofa. Verna ta hango shi.

"Shigo mana, ɗana." Ta ɗora hannu a kan ƙafafunta. "Likita ya ce ba za su sake taka ƙasa ba. An ce kai ka riga ni isa layin ƙarshe. Barka."

Darasin a nan shi ne, dokar da kake gani kamar ta takura maka, sau da yawa ran wani take karewa. Mai ha'inci yakan zaci shi kaɗai zai ɗauki kasadar, alhali masifar takan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Gara a kayar da kai da gaskiyarka.