Ruwan da Kaltume ta ba baƙin Tawa

Murja, ɗiyar ƙanwata da ke aure wajen Tama, ita ta fara ba ni wannan labari ran da ta zo mini gaisuwar ciwon ƙafa. Ku saurara, jikokina.

Akwai wata mata ana ce mata Kaltume, a wani gari cikin kwarin da ake noman albasa. Mijinta ya rasu, ita ke riƙon jikarta Fiddausiya, ita ce kuma shugabar ƙungiyar matan garin.

Kun san masu garka, wato lambu, in sun gama feshin maganin ƙwari ba su jefar da bidon, jarkar robar da maganin ke zuwa ciki. Bido ne mai ƙwari, murfinsa ba ya yoyo. Sai a kawo shi gida, mata su wanke da toka, su zuba ruwa ko nono ko man gyaɗa. Haka Kaltume ta yi. Cikinsa take dama wa Fiddausiya hura in za su gona.

Wata rana yarinyar ta kama amai, miyau na zuba, jiki na rawa. Kwana huɗu sunka yi a likita, wato asibitin Buza. Da ta farfaɗo, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗauki bidon ya nuna wa Kaltume zanen ƙoƙon kan mutum da ke jikinsa.

"Inna, ko sau ɗari kika wanke shi, dafin ya shiga cikin robar. Allah ne ya bar miki ita."

Ba a daɗe ba sai labari ya zo daga meri, ofishin magajin gari: wani furoje, wato shirin agaji daga Tawa, zai ba ƙungiya guda tallafi ta gwada wani aikin kiwon lafiya na wata shida. Ƙungiya guda tal a duk karkarar. Kaltume ta tara mata, sunka daidaita: a bi gida gida a karɓe bidunan magani, a huda su, a kulle su wuri guda har ma'aikatan noma su zo su kwashe, kowace mace a ba ta bido mai tsabta.

Sai dai dosiye, wato takardun neman tallafin, da Faransanci ake rubuta shi. Sunka tafi wurin Mushe Harisu, tsohon darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko. Ya saurare su, ya cire tabarau ya yi dariya.

"Kaltume, shara za ki kai ma mutanen Tawa? Wa ka ba da tallafi don tsintar bido? Ku bar mini. Ɗakin motsa jiki zan rubuta muku, da siminti da allo a bakin hanya. Shi ake yayi yanzu."

"Motsa jiki?" in ji Kaltume. "Mushe, kahin ka tashi kwana na hau dutsi na sauko da itace. Mi ya rage a jikina da bai motsa ba?"

Mata sunka fashe da dariya. Harisu bai yi ba. Ya rubuta abinsa, ya sa sunan ƙungiyarsu, ya aika.

Ran da baƙin furojen za su zo ganin gari, ya tara matan ya ja musu kunne. "Ku yi guɗa, ku yi taɓi. Magana tawa ce. Ke Kaltume, tunda bakinki ba ya hutawa, ruwan baƙi za ki kawo."

"To, Mushe," ta ce. "Ruwa kam zan kawo."

Da hantsi mota ta tsaya ƙofar maigari. Baƙi uku, babbarsu wata Madam Fa'iza. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna, Harisu ya miƙe da takardunsa yana gyara murya. Kun san ba a fara magana baƙo bai jiƙa maƙoshi ba. Kaltume ta zo ta durƙusa da ladabi, ta kwance bido daga cikin zanenta, ta cika moɗa ta miƙa.

Madam Fa'iza ta yi bisimilla ta ɗaga moɗar. Sai Kaltume ta juya bidon a hankali, ƙoƙon kan nan ya kalli baƙi.

Abokin tafiyar madam ya yi tsalle. "Madam, kar ki sha!"

Ruwa ya zube a tabarma. Maigari ya buga sanda ƙasa.

"Kaltume! Haukacewa kika yi? Baƙinmu?"

"Ranka ya daɗe, da ta kai baki da na riƙe hannunta." Ta juya ga madam. "Ɗiyata, yi haƙuri. Kin ga yadda abokin tafiyarki ya yi tsalle? Jikata shekara guda tana shan hura cikin wanga bido, ba wanda ya yi tsalle."

Harisu ya matso yana zufa. "Madam, tsohuwa ce, ba ta yi lakwal ba. Mu koma ga dosiye."

"Ban yi ba," in ji Kaltume. "Shi ya sa ban iya karanta abin da anka rubuta jikin bidon ba. Kai da ka iya, wa ka taɓa karanta ma?"

Madam Fa'iza ta ajiye moɗar, ta ce, "Inna, gida nawa ke da irin wannan?"

Kaltume ta waiwaya ta dubi mata. Ɗaya ta tashi, biyu sunka bi ta, sai gaba ɗaya sunka watse. Ba a jima ba sunka dawo. Wannan da na nono, waccan da na man gyaɗa, wata da wanda ɗiyanta ke zuwa lakwal da ruwa a ciki. Sunka yi ta tulawa gaban maigari har tarin ya kai gwiwa.

Ta ƙarshe da ta zo, Jima ce, matar Harisu. Ta ajiye nata a saman tarin, kanta a ƙasa.

"Jima, wannan fa?" Harisu ya tambaya.

"Ruwan shayinka ne, Malam. Kai ka ce shi ya fi riƙe sanyi."

Harisu ya ɗauki bidon, ya sa tabarau, ya karanta rubutun tun daga sama har ƙasa. Sai ya zauna a kan tabarmar nan mai jiƙe, ya juya bayan takardunsa, ya ciro biro.

"Kaltume, hwaɗi. Ina rubutawa."

"Ka rubuta yadda na hwaɗa, ban da siminti."

Maigari dai sati biyu bai amsa gaisuwarta ba, ya ce ta kunyata shi gaban baƙi. Ita kuwa kullum sai ta bi ta ƙofarsa ta gaishe shi da ƙarfi. Bayan wata guda amsa ta zo daga Tawa: ƙungiyarsu anka zaɓa. Murja ta ce yanzu a garin in mace ta ga bidon magani gidan maƙwabciya, ba ta neman izini, da ƙusa take shiga.

Ni da na ji, na yi ta dariyar Harisu. Da gari ya waye na leƙa ɗakin girkina. Bidon da nake ajiye man miya, jan layi ne a gindinsa, da ɗan zanen nan da na ɗauka ado ne. Na sa ƙusa a wuta har ta yi ja, na huda shi wuri biyar da hannuna.

Darasi: Wanda ciwo ya kwana gidansa shi ya san abin da garinsu ke buƙata, ko bai iya riƙe biro ba. In an zo taimakonku, ku faɗi damuwarku ta gaskiya da bakinku, kar ku bari a rubuta muku wata don ta fi kyau a takarda. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu garka, kuma yau kowa ya juya bidon gidansa ya duba bayansa.