Haƙurin Saje Nomau da Bayan Tabawa

A wani gari, a wani zamani da ya shuɗe, an yi wani bawan Allah, tsohon soja, ana ce masa Saje Nomau. Na daɗe ina jujjuya labarinsa a raina, don sai da ya ɗaure mini kai kafin ya warware. Ku gyara zama.

A bakin daga motarsu ta taka nakiya. Ƙafar dama ta tafi, lakar bayansa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Aka sallame shi da ɗan fansho, ya koma gida yana tufkar igiya a zaure. Ba a taɓa jin ya ce wash ba. In ana kwatancen haƙuri a unguwar, da shi ake yi.

To, a ƙasar akwai doka: tsohon sojan da rauninsa ya kai ba ya iya tashi, ko wanka, ko kewayawa sai da hannun wani, ana yi masa ƙari a kan fanshonsa don ya ɗauki mai kula da shi. Amma sai likitocin soja sun gan shi, sun ji daga bakinsa.

Ranar ganin likita, matarsa Tabawa ta yi masa wanka, ta sa masa farar riga mai guga, ta ciccibe shi ta ɗora a keke. Abokinsa Kofur Jatau, wanda suka yi yaƙi tare, ya tura shi har asibitin bariki. Ya zauna gaban likitoci, ƙirji a buɗe kamar ana fareti.

Babban likita ya ce, "Saje, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Wanka fa, da kewayawa?"

"Ana lallaɓawa, alhamdu lillahi."

Likitoci ba su san gaibu ba. Mutum ya zo fes, ya ce da sauƙi, suka ce wannan bai kai matakin ƙari ba. A hanya Jatau kamar ya kifar da keken. "Kai dai wallahi nakiyar nan har kanka ta taɓa! Gaisuwar suna aka ce maka ana yi?" Nomau ya ce, "In kai ƙarar Ubangijina wajen bayinsa? Ban iya ba."

Ku saurara, jama'a. Da a lokacin aka tambaye ni, da na ce Saje ya yi daidai. Haka aka tarbiyyantar da mu: mutum yana bakin kabari, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi.

Aka ci gaba da zama. Wata safiya Tabawa ta sunkuya za ta ɗaga shi daga tabarma, sai bayanta ya ce ƙas. Ta durƙushe, shi ya zame gefe. Ta daɗe a wurin, gumi yana tsiyaya daga goshinta, ta cije leɓe har ya yi jini.

Ya ce, "Tabawa, yaya?"

Ta ce, "Da sauƙi, Malam."

Yana kallon fuskarta, yana ganin babu sauƙin ko ƙwayar gero. Ya ce a ransa, ashe haka tawa take a kunne. Ya tuna duk tashin da ya yi tun dawowarsa, a bayan matar nan ya yi shi. Shi ake yabo a zaure, ita ke ɗauka a ɗaki.

Ya aika aka kira Jatau, ya ce a nema masa a sake duba shi. Jatau ya yi tsalle. "Yanzu ka yi magana! Amma ka bar mini tsarin. Ba wanka, ba guga. Ka langaɓar da wuya, ka ce hannayen ma sun mutu, ka riƙa ce musu iye, iye, kamar kurma. Kura ma in ta ga tarko ɗingishi take ƙarawa."

Nomau ya ce, "Kofur, wancan karon na rage, na cuci matata. In na ƙara, na cuci wani ɗan'uwanmu da ke bin layi a bayana. Yadda abin yake, haka zan faɗa."

"To Allah ya shirya. Ni dai tura keke ne nawa."

Da ranar ta zo, a cikin likitocin har da mace, wadda a haife ya haife ta. Aka ce yaya jiki. Saje ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce:

"Ranku ya daɗe, na gode wa Allah, amma babu sauƙi. Ba na iya juyawa a shimfiɗa sai an juya ni. Fitsari yana kuɓuce mini ban sani ba. Matata ke wanke ni kamar jariri, ita ke kai ni bayan gida ta tsaya ta jira. Yanzu bayanta ya ƙare a kaina."

Likitar ta ce, "Sannu, Baba. Hannuwan ma sun yi rauni ko?"

Jatau daga bakin ƙofa yana ta ƙifta masa ido. Nomau ya ɗaga hannayensa biyu. "A'a, 'yata. Waɗannan lafiyarsu lau, igiya nake tufkawa da su. Kada a sa mini abin da Allah bai ɗora mini ba."

Suka duba shi, suka ga yadda ya faɗa haka yake. Aka yi masa ƙarin. Ya ɗauki wani ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaga shi da kai shi kewaye, Tabawa ta samu ta kwanta ta yi jinyar bayanta har ta miƙe.

To, ga abin da na fahimta. Faɗa wa likita inda ke ciwo ba kai ƙarar Allah ba ne. Ƙara ita ce zuciya ta ce don me aka yi mini. Bayani kuwa gaskiya ce, kuma haƙƙin da aka ajiye dominka karɓarsa ba roƙo ba ne. Gaskiya tana da baki biyu kamar rijiya da aka yi wa gini: in ka rage ka faɗa ciki, in ka ƙara ka faɗa ciki.

Kai da kake ɓoye ciwonka don a ce jarumi ne, ke da kike ƙin faɗin damuwarki don kada a ce kin gaza, ku tambayi kanku tun yau: wannan haƙurin da nake taƙama da shi, a bayan wa yake zaune? In a bayanka yake, Allah ya ba da lada. In kuwa a bayan matarka ne, ko uwarka, ko 'yarka, to ba haƙurinka ba ne, nata ne kake ci. Ku koma gida ku sauke mata. Allah ya sa mu gane.