Manomin Da Ya Ce Akwai Gajiya

Akwai wani mutum, manomi, wanda duk garinsu aka san shi da ƙarfin aiki. An ce shi ne yake tashin zakara da safe, ba zakara ke tashinsa ba. An kuma ce fartanyarsa ta taɓa ɓuya a bayan rumbu kwana biyu don ta huta. Ni ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin dattijon ikilisiya ne, ba zan ƙaryata shi a gabanku ba.

Duk gonar da aka kira gayya, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Amma bai taɓa kiran gayya a tasa gonar ba. In aka ce masa, “Ina gajiya?” kafin a rufe baki ya amsa, “Ba gajiya!” Kowa haka yake amsawa, al'ada ce. Shi kuwa ya ɗauke ta kamar rantsuwa.

Wata shekara, ana cikin yankan dawa, sai gefen haƙarƙarinsa na dama ya kama zafi kamar an ɗora garwashi. Bayan kwana uku ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga tsakiyar baya zuwa ƙirji, kamar rabin ɗamara. Ko iska ta taɓa wurin sai ya ciji leɓe. Ya tuna kakarsa takan ce irin wannan gizo-gizo ne ya bi ta jikin mutum. Sai ya ɗauki tsintsiya ya shiga yaƙi. Ya share ɗaki, ya share zaure, ya hau rumbu, har aka ce gizo-gizon gidan sun kwashe 'ya'yansu sun koma ƙauyen gaba. Ya sa riga mai kauri ya rufe ciwon, ya ci gaba da aiki. Bayan wata guda ƙurajen suka bushe, ya ce wa matarsa Keziya, “Kin gani? Na ci su da yaƙi.”

Da shekara ta zagayo, ciwon ya dawo, gida kuwa babu gizo-gizo ko ɗaya. Ya ce to, gyaɗa ce. Ya daina cin gyaɗa.

A shekara ta uku ciwon ya dawo da fushi, har mutumin ya kasa ɗaga hannun dama. Ga dawa ta nuna a gona, ga mai unguwa ya yi shela cewa nan da mako biyu za a saki dabbobi, wanda bai kwashe amfaninsa ba ya kuka da kansa. Dawar nan ita ce abincin gidansa na shekara.

Keziya ta ce, “Maigida, ko ka bi ni asibiti da ƙafarka, ko in je in gaya wa zumuntar mata su zo su ɗauke ka da waƙa.”

Ya bi ta da ƙafarsa.

Malamar asibiti ta duba, ta ce, “Baba, ka yi ƙarambau kana yaro?”

Ya ce, “Wa bai yi ba? Ina ruwan ciwon yara da furfurata?”

Ta ce, “Shi ne dai. Bai tafi ba, kwanciya ya yi a jikinka. In ƙarfin jiki ya ragu, da gajiya ko damuwa ko wani ciwon, sai ya farka. Yau kwana nawa?”

“Tara.”

“Maganinsa ya fi aiki a kwana ukun farko. Ina ka tsaya?”

Keziya ta ce, “Yana sauraron ko gyaɗa za ta nemi gafara.”

Malamar ta ba shi abin rage zafi, ta ɗebi jininsa don a ga ko akwai abin da ke rage masa ƙarfi. Ta ce ya sa tufa marar nauyi, ya nisanci jarirai da masu ciki har ƙurajen su bushe, ya kuma huta.

Ya ce, “In huta? Ke za ki yanke mini dawar?”

Ta ce, “Ba ka da mutane ne, Baba?”

Ya ɗauki maganinsa ya fita.

Ran Lahadi bai shiga cikin taro ba, ya zauna a waje gindin taga ya ji wa'azi. Da aka tashi sujada, Baba Dogara, tsohon da ke kiran gayya a garin, ya zo wucewa da sandarsa, ya ce, “Sannu, ɗana. Ina gajiya?”

Amsar da ya saba tana bakin harshensa. Sai ya tuna dawa, ya tuna shanun da za a saki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Akwai gajiya, Baba.”

An ce har akuyar da ke tuƙa a bakin hanya ta tsaya ta dube shi.

Tsohon ya ce, “Me ka ce?”

“Akwai ta. Shekara uku ke nan. Ba na iya ɗaga lauje.”

Baba Dogara bai yi dariya ba. Ya jingine sanda, ya ɗaga gefen rigarsa, sai ga tabo a jere a haƙarƙarin hagu. Ya ce, “Nawa sau biyu ya zo. Da ka buɗe baki tun bara, da ka ci gyaɗarka lafiya.”

Ran Talata mutum ashirin da wani abu suka sauka a gonar. Suka zaunar da mai gonar gindin tsamiya, suna yanka suna tsokanarsa. Wani ya ce, “Ranka ya daɗe, a kawo matashi ne?” Sau uku ya yunƙura zai tashi, sau uku Keziya ta yi gyaran murya, ya koma. Daga baya ya ce tun da aka haife shi bai yi aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Dawa ta shiga rumbu saura kwana biyu a saki dabbobi.

Ciwon bai rabu da shi ke nan ba. Bayan shekara biyu ya sake leƙowa. Amma ranar da ya ji zafin, ranar ya tafi asibiti, ya kuma aika wa Baba Dogara.

Ma'anar wannan misali ita ce: kowannenmu yana da abin da ke kwance a cikinsa, mai farkawa in ƙarfi ya ƙare. Na wani ciwo ne, na wani baƙin ciki, na wani tsoro. Dawowarsa ba shaida ba ce cewa Ubangiji ya juya maka baya, ko bangaskiyarka ta gaza. Gizo-gizo da gyaɗa su ne waɗanda muke ɗora wa laifi don kada mu dubi kanmu. Rigar nan mai kauri girman kai ne, ko da yake mu mukan kira shi haƙuri. Yana rufe ciwo daga idon mutane, yana kuma goge shi har ya yi jini.

Akwai wahalar da Ubangiji yake ɗauke mana gaba ɗaya. Akwai wadda yake bari ta riƙa dawowa, sai ya ba mu magani, da hutu, da 'yan'uwa. Wanda ya ƙi waɗannan uku, kada ya ce addu'arsa ba ta karɓu ba.

Ku kuma masu gaisuwa, da ku nake. Yau in an tashi, kada ku jefa gaisuwa kuna tafiya kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ku tsaya, ku dubi fuskar ɗan'uwanku, ku jira ya gama magana. Wataƙila abincin gidansa na shekara yana tsaye a gona.